Wata Takwas da Mutum-mutumin Shara: Abin da Aka Yi Mana Alkawari da Abin da Ya Iso Falo

Ranar da na kwance kwalin a tsakiyar falo, Hajiya tana gidan, ta zo mana kwana biyu daga cikin gari. Na fito da abin na ajiye a kan tayil, yara suka kewaye shi, ita kuwa ta gyara zaman tabarau ta daɗe tana kallonsa. Kasancewata ɗan fari ba ta kama sunana, saboda haka sai ta juya wajen uwargida ta ce, "Ke, wannan faifan ne mutum-mutumin da yake ta ba mu labari? To ina hannun da zai riƙe tsintsiyar?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma a cikin wata takwas da suka biyo baya ban ji tambayar da ta fi tata dacewa da wannan inji ba, domin kusan duk abin yabo da abin kushe da zan faɗa a kansa daga rashin hannun nan ya samo asali.

Abin da na saya injin shara ne mai sarrafa kansa, ƙirar wani kamfani na ƙasar Sin, daga cikin masu matsakaicin farashi. Faɗinsa kamar na babban faifai ne, wajen santimita 35, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, kuma yaro ɗan shekara bakwai yana iya ɗaukarsa da hannu biyu. A ƙarƙashinsa akwai tayoyi biyu, da wani dogon burushi mai juyawa, da ƙaramin burushi a gefe wanda yake sharo datti daga jikin bango, sannan akwai ɗan akwatin tara shara da tankin ruwa da tsumman goge ƙasa. A samansa akwai wani ɗan tudu mai kama da murfin kwalba, wanda a cikinsa ne idon injin yake. Na same shi a watan Oktoba, gab da shigowar hunturu, a kan kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyar. Gidanmu bene ne a Kano, ɗaki uku da falo, ƙasansa duk tayil, kuma titin da ke gabanmu ba shi da kwalta. Yara suka raɗa masa suna Kunkuru tun ranar farko, sunan kuma ya bi shi.

Ba zan ɓoye ba, ba larurar shara kaɗai ta sa na saye shi ba. Ina cikin waɗanda suka tashi suna jin cewa idan shekara ta 2000 ta zo, duniya za ta sake kama. A makaranta mun ga hotunan birane masu motoci a sararin sama, a talabijin mun ga wani wasan zane na Amurka da aka fara nunawa a 1962, inda wata baiwa ta ƙarfe take ɗaure da gyale a ƙugu tana share-share tana yi wa masu gida tsiwa. Wannan mafarkin ya girme mu nesa ba kusa ba. A babban baje kolin duniya da aka yi a birnin New York a 1939, kamfanin Westinghouse ya nuna wani mutum-mutumi mai suna Elektro, wanda tsayinsa ya kai ƙafa bakwai, yana tafiya idan an ba shi umarni, yana furta kalmomi kusan 700 daga faifan garmaho da ke cikinsa, har ma yana busa sigari. Jama'a suka koma gida da yaƙinin cewa kafin jikokinsu su girma, irin wannan ƙato ne zai riƙa wanke-wanke. Abin da ba a faye faɗa ba shi ne, Elektro bai taɓa ɗaukar ko cokali ya mayar da shi mazauninsa ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1959. A wannan shekarar Amurka ta kai baje kolin kayanta birnin Mosko, inda mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev suka yi shahararriyar musayar yawunsu a kan wane tsari ne ya fi sauƙaƙa wa matar gida rayuwa. Khrushchev har ya yi ba'a, yana tambaya ko Amurkawa ba su da injin da zai zuba wa mutum abinci a baki ya tura masa shi ciki. Daga cikin kayan da aka nuna akwai wani ɗakin girki na gobe wanda kamfanin RCA Whirlpool ya shirya, kuma a cikinsa akwai wani ɗan inji da yake fitowa daga jikin bango ya zagaya yana goge ƙasa shi kaɗai. Kakan Kunkuru ke nan, idan aka bi salsala. Sai bayan shekaru masu yawa ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ɗakin ya bayyana cewa akwai mutum zaune a bayan wani madubi, yana ganin 'yan kallo su ba sa ganinsa, kuma shi ne yake juya injin daga nesa. Tun da na san wannan labari, duk lokacin da aka nuna mini wata na'ura mai aiki da kanta, sai na fara neman inda aka ɓoye mutumin.

To a ɓangaren tafiya da gane hanya, Kunkuru ba shi da kowa a bayan madubi, kuma a nan ya cancanci yabo ba tare da rowa ba. Ɗan tudun da ke samansa yana juyawa yana harba hasken leza wanda ido ba ya gani, yana auna nisan bango da ƙafafun kujeru, daga nan ya zana taswirar gidan a cikin manhajar da ke wayata. A fitarsa ta farko, cikin abin da bai kai minti 20 ba, na ga gidana kwance a fuskar waya: falo, lungun da ke zuwa ɗakuna, har da ɗan karkacewar da magini ya yi a bangon kicin, wadda na shekara shida ina zaune ban lura da ita ba. Bayan haka yana fara aiki ne da bin gefen ɗaki, sannan ya cike tsakiya da layuka a jere kamar mai yin kunya a gona, ba ya tsallake ko ɗaya. Idan batirinsa ya yi ƙasa yana komawa mazauninsa ya sha caji, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Idan ya isa bakin matakala wasu ƙananan idanu da ke ƙarƙashinsa suna gane cewa ƙasa ta ƙare, sai ya ja da baya. Wanda ya san irin na farko zai fi jin daɗin wannan ci gaba. Lokacin da kamfanin iRobot ya fito da Roomba a 2002 a kan kusan dala 200, shekara guda bayan Electrolux ya fara sayar da nasa mai suna Trilobite, injin ba ya zana taswirar komai; yana tafiya ne har ya yi karo da abu, ya juya, ya sake tafiya, da fatan cewa idan ya daɗe yana yawo zai taka ko'ina. Sai a 2010 kamfanin Neato ya kawo mai amfani da leza kasuwa.

Hunturu ne ya gwada shi gwaji na gaskiya. Duk mazaunin Kano ya san cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu shara ba ta ƙarewa, domin iskar arewa maso gabas tana ɗebo ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta watsa mana ita a kan komai, kuma ƙurar tana da laushin da babu tagar da take hana ta shiga. Tsintsiya, ko ta laushi ce, rabin aikinta tayar da wannan ƙura ne, ta yi yawo a iska ta sake sauka bayan an gama. Kunkuru kuwa zuƙe ta yake yi. A makon farko na Disamba na buɗe akwatinsa bayan zagaye ɗaya, na tarar da shi cike da wani gari mai launin toka-toka, mai santsi kamar hoda, wanda ya dunƙule da gashi da zaren kafet har ya zama kamar ƙullin auduga. Na kai wa uwargida ta gani, ta ce, "Abbansu, wannan duk a falon da na share jiya da yamma?" A falon ne kuwa. Tun daga lokacin tafin ƙafa ya daina yin fari idan an taka tayil, kuma ƙaramar 'yarmu, wadda hunturu yake sa ta atishawa da safe, ta samu sauƙi a bana, ko da yake ba zan rantse cewa injin ne kaɗai dalili ba. Ƙarƙashin gado da ƙarƙashin manyan kujeru, wuraren da a da sai ranar babbar shara ake leƙa su, yanzu kullum ana shiga.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Kafin Kunkuru ya fita aiki, dole wani ya riga shi fita. Dole a ɗauke takalman yara, a naɗe tabarma, a ɗage sallaya, a tattara wayoyin caja, a ɗaure labulen da ya taɓa ƙasa, a kwashe kwanon da aka bari a gindin kujera, a tabbatar babu buta a hanya. Mu mutane ne da rayuwarmu take a ƙasa: a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa yara suke karatu, a ƙasa baƙi mata suke baje mayafi su yi hira. Injin kuwa an ƙera shi ne da tunanin gidan da komai yake bisa tebur, ƙasa kuma fili ce kawai ta wucewa. Saboda haka sharar minti 50 da yake yi tana buƙatar share fagen minti 10 zuwa 15 daga ɗan Adam, kuma ranar da aka yi sakaci, a ranar ake ganin sakamako.

Wata Asabar na manta carbina a gefen sallaya bayan sallar walha. Ina ɗaki sai na ji wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, daga nan injin ya yi shiru, sannan muryar mace ta fito daga cikinsa tana sanar da ni da Turanci cewa burushi ya maƙale. Na kifa shi a cinyata kamar mai duba cikin kunkuru na gaske. Zaren carbin ya naɗe burushin zagaye bakwai ko takwas, ya tsinke, 'ya'yan carbin sun warwatse, wasu a cikin akwatin shara, wasu sun cusa kansu a gindin taya, tare da gezar sallayar da ya fara ja kafin ya tsaya. Na ɗauki reza da tsinken sakace na zauna kusan rabin sa'a ina ɓanɓarowa, ina ƙirga 'ya'yan carbi a cikin ƙura, na samu 97, biyu kuma har yau ban gan su ba. Ina cikin wannan aiki ne na tuna da mutumin 1959, na kuma gane cewa a gidan nan ni ne a bayan madubin.

Wannan ba sakacin kamfani ɗaya ba ne. Iyakar ilimin ce a inda take a yau, kuma nan ne masu hasashe suka fi yin kuskure. A 1965 Herbert Simon, masanin da daga baya ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ya ce cikin shekara 20 injuna za su iya duk aikin da mutum yake iyawa. Shi da tsararrakinsa sun ɗauka cewa lissafi da dara su ne ƙololuwar basira, shara da ninke kaya kuwa aikin da kowa yake iyawa ne, don haka su za su fi sauƙi. Sai abin ya zo a juye. Kwamfuta ta doke zakaran darar Turawa na duniya Garry Kasparov tun 1997, amma a 2010, da masu bincike a jami'ar Berkeley suka koya wa wani mutum-mutumi ninke tawul, sai da ya riƙa cin fiye da minti 20 a kan tawul guda. Masanin ƙera mutum-mutumi Hans Moravec ya riga ya bayyana dalilin tun 1988: abin da yake ba babban mutum wahala, kamar jarrabawar basira, yana da sauƙi ga inji, amma gani da taɓawa da sarrafa hannu irin na yaro ɗan shekara ɗaya su ne masu wuyar gaske. 'Yata mai shekara huɗu tana ganin carbi ta san na Abba ne, ta ɗauka ta rataye. Kunkuru, da duk lezarsa da taswirarsa, bai san bambancin carbi da ɓawon gyaɗa ba. Kamfanin Honda ma, wanda ya fito da mutum-mutuminsa mai tafiya da ƙafa biyu, ASIMO, a 2000, ya yi masa ritaya a 2022 ba tare da ya shiga gidan kowa aiki ba.

A cikin masu hasashen, wanda na ga ya fi kusa da gaskiya shi ne Isaac Asimov. A watan Agustan 1964 ya yi rubutu a jaridar New York Times yana kwatanta yadda duniya za ta kasance a 2014, inda ya ce mutum-mutumi zai samu, amma ba zai yi yawa ba, kuma ba zai yi wani ƙwari ba. Ya ce za a riƙa ganin wanda ake magana da shi ta waya, wannan kuwa ga shi muna yi kullum da 'yan'uwa da ke Makka da Yamai. Amma shi ma baiwar ƙarfen da ya zana babba ce, mai nauyin jiki, wadda take iya ɗauke kaya ta jera su, wato dai mai hannu. Ya kuma yi zaton kayan lantarki za su rabu da igiya, su koma aiki da batura masu ƙarfin nukiliya da suke daɗewa ba su mutu ba.

Wannan zato na ƙarshe ya kawo ni kan matsalar da ta fi kowace ci mini tuwo a ƙwarya, wato wuta. Duk waɗanda suka zana mana gobe sun ɗauki lantarki kamar iska. A 1954 Lewis Strauss, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, ya ce 'ya'yansu za su sha wutar da arharta ta kai a ce ba a buƙatar mita. Mu kuwa ga mu da mitar kati, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 amma wutar da ake rabawa take kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, bayan mun ga wucewar 2000 da 2010 da 2020, shekarun da kowace aka sa mata ranar fita daga ƙangi. Shi Kunkuru ba ya cin wuta da yawa; cika batirinsa bai kai abin da fankar sama take ci a sa'a biyu ba. Matsalar ita ce mazaunin cajinsa yana son wuta dare da rana, domin da siginar da mazaunin yake fitarwa injin yake daidaita kansa ya hau. Idan an ɗauke wuta yana cikin aiki, sai ya dawo inda taswira ta ce gidansa yake, ya tsaya a gabansa yana juyi hagu da dama kamar baƙon da ya zo ya tarar an kulle ƙofa, har batir ya ƙare. Idan kuma yana kan caji aka ɗauke, wani lokaci yana ɗauka an cire shi ne, sai ya zauna a kunne yana zubar da abin da ya tara. Sau uku a watan farko na dawo daga aiki na tarar da shi a mace. Maganin da na samu shi ne na mayar da mazaunin kan layin inbata da sola suke riƙewa, tun daga nan kuma ban sake samun wannan matsala ba. Wanda ba shi da irin wannan tanadi, ina ba shi shawara ya fara da shi kafin ya yi tunanin injin.

Game da goge ƙasa da ruwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da yake yi jan jiƙaƙƙen tsumma ne a bayansa, ba ya dirzawa, saboda haka ɗigon miyar kuka da ya bushe ko manjan da ya zuba a kicin sun fi ƙarfinsa. Akwai kuma batun tsarki, wanda littafin bayanin injin bai san da shi ba: a gidan da ake da ƙaramin yaro, idan tsumman ya bi ta kan fitsari, zai zagaya da najasar har inda ake shimfiɗa sallaya. Uwargida ce ta fara hango wannan, kuma tun mako na biyu muka cire tankin ruwan muka ajiye. Dokin ƙofar banɗaki da na baranda sun fi santimita biyun da yake iya hawa, don haka can ba huruminsa ba ne. Baƙar dardumar da ke ɗakina kuwa yana tsoronta, domin baƙin launi yana shanye hasken idanunsa na ƙasa, sai ya ɗauka rami ne ya ƙi hawa. Ƙararsa ba ta kai ta injin markaɗe ba, amma ta isa ta hana sauraron labarai a rediyo.

Da farko na saita shi ya riƙa fita bayan sallar isha'i, lokacin da yara suka kwanta. Hajiya ta ji motsinsa a daren farko ta fito ta ce a kashe, ba a shara da dare, tana kore arziki. Na fara yi mata bayanin cewa malamai sun ce camfi ne, kuma ai ba tsintsiya ba ce. Ta ce, "Shara dai sunanta shara, ko da me aka yi ta." Na mayar da shi ƙarfe tara na safe, kuma har bayan ta koma gida ban canza ba, saboda na ga lokacin ya fi dacewa: gida babu kowa, ƙasa a sarari.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya yi tunani a kansa da kyau. Taswirar gidana, da ɗakin kwana da komai, ba a wayata kaɗai take ba. Tana bi ta intanet zuwa rumbun kamfanin, kuma idan babu Wi-Fi da data rabin abubuwan da manhajar take yi ba sa aiki. Da gangan na zaɓi wanda ba shi da kyamara. Masu kyamara sun fi gane takalmi da igiya su kauce musu, amma a watan Disamban 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da rahoton yadda hotunan da wasu injunan gwaji na Roomba suka ɗauka a cikin gidaje, har da na wata mata a banɗaki, suka ɓulla a dandalin sada zumunta ta hannun ma'aikatan wucin gadi a Benezuwela, waɗanda aikinsu shi ne su riƙa duba hotunan suna rubuta sunan kowane abu don injin ya koya. Ga mutumin bayan madubi ya sake fitowa, wannan karon daga wata nahiya. A al'adar da baƙo namiji yake tsayawa a zaure, ban ga yadda zan shigo da ido mai yawo har ƙuryar ɗaki ba, ko da hakan yana nufin zan ci gaba da tsintar carbi.

Kula da shi ma aiki ne mai zaman kansa. A hunturu kullum sai an zubar da akwatin, matacin ƙurar kuma, wanda littafin ya ce a canza bayan wata uku zuwa shida, ya toshe mini cikin mako biyar, kuma da ya toshe ƙarfin zuƙar ya ragu sosai. Na zaga shagunan kayan lantarki ban samu irinsa ba, sai da na yi oda daga waje na jira kusan wata guda, saboda haka duk mai niyya ya haɗa da mataci uku ko huɗu da burushin gefe tun a sayen farko. A watan Afrilu tayar hagu ta fara ƙugi. Wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, wanda ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, ya kwance shi a gabana, ya zaro wani dunƙulen gashi da zare daga gindin tayar, ya ɗiga mai, ya ɗaure. "Alhaji, ai wannan motar wasan yara ce aka sa mata fanka," in ji shi, ya karɓi kuɗin da bai kai na katin waya na mako ba.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A nan lissafinmu ya bambanta da na ƙasashen da aka ƙera injin dominsu. Can hannun ɗan Adam ne mai tsada, shi ya sa tun farko suka yi mafarkin baran ƙarfe. A nan kuwa kuɗin Kunkuru zai biya mai aiki na tsawon watanni masu yawa, wadda za ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ɗauke takalmi daga hanya, ta kuma san cewa sallaya ba abin takawa ba ce. Ban faɗi haka don ina alfahari da arhar aikin talaka ba. Hasali ma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa muka saye shi shi ne ba ma son ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye a lokacin da ya kamata tana aji. Amma gaskiyar lissafin ke nan. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashe a 1930 cewa jikokinsu za su riƙa aikin sa'a 15 kacal a mako saboda injuna. Abin da ya faru a gidanmu ya fi kama da abin da masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta nuna a 1983, cewa kayan sauƙaƙa aikin gida sukan ɗaga ma'aunin tsafta ne maimakon su rage aiki. Uwargida ta huta da sunkuyon shara, bayanta ya yi sauƙi, amma yanzu da ƙasa take ƙyalli, ƙurar kan kabad da ta gilashin taga ta fi fitowa fili, kuma tana bin su da tsumma fiye da da.

Wanda zai ci moriyarsa shi ne mai gidan tayil ko siminti mai santsi, hawa ɗaya ba matakala a tsakani, mai sola ko inbata, wanda shi da matarsa suke fita aiki, ko mai ciwon baya, ko wanda ƙura take tayar wa da asma. Mai gidan da tsakar gidansa ƙasa ce ko turɓaya, ko ɗakunansa suke da dogayen dokin ƙofa, ko yake da yara ƙanana da yawa masu watsa kaya, ya riƙe kuɗinsa. Ni dai ban yi nadama ba, kuma idan wannan ya mutu mai yiwuwa in sake sayen wani, da sharaɗin in samu kayan gyaransa a kusa.

Hajiya ta sake zuwa bayan ƙaramar salla. Da safe ta zauna a kujera ta ɗage ƙafafunta tana kallonsa yana bin layukansa, har ya gama ya koma mazauninsa ya yi 'yar ƙararsa ta kammala aiki. Ta ce, "Ba laifi, yana da ƙoƙari." Sannan ta tashi ta ɗauko tsintsiyar laushi a bayan ƙofa, ta bi kusurwoyin falon guda huɗu, inda jikinsa mai da'ira ba ya iya shiga, ta tara abin da ta samu a gabansa.